Sakatar da Jola Ya Kafa

Duk wanda ya yi karatu a sakandaren da ke bayan dutsen ƙauyenmu, can gefen Tsolo, ya san Tata Jola, wato Baba Jola a harshenmu. Dumile ne a takarda, amma ba mai kiransa haka sai ma'aikatan gwamnati. Jola sunan kakanninsa ne, da shi kuma yake amsawa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yatsu biyu na hannunsa na hagu sun tafi a ramin zinariya a Welkom tun yana saurayi. Shi ne mai buɗe ƙofar makaranta, shi ke yanke ciyawa, shi ke gyara tagogi da korar tumaki daga filin ƙwallo. Aikin hannu in ya kama, ba ya yin na ha'inci. In Jola ya kafa ƙusa, to sai dai katakon ya ruɓe ya bar ta.

Amma ba yankan ciyawa ne ya sa manyan mutane ke cire masa hula ba. Shekara goma sha tara ya yi yana jinyar 'yan kaciya. Duk hutun Disamba da na Yuni, in samari suka hau dutse, wanzami yakan gama nasa aikin cikin ƙiftawar ido ya sauko shan giya. Wanda ake bari da yaran wata guda cur a bukkar ciyawa, yana ɗaure musu rauni da ganye da igiyar fatar akuya, shi ne mai jinya. Iyaye har rige-rige suke yi su samu Jola, don an san hannunsa da nauyi, mutanenmu kuwa nauyin hannu suke kira tarbiyya. Kwana bakwai na farko ba ruwa, sai busasshiyar masara. Wanda ya yi kuka ya sha sanda. Wanda ya kira uwarsa ya sha biyu.

Yana da wani kirari da yake yi wa kansa in giya ta ɗan hau: a shekara goma sha tara, ko yaro ɗaya nasa bai taɓa ganin ƙofar asibiti ba. Gaskiya ne kuwa. Biyu sun mutu a hannunsa aka binne su can a dutse, amma waɗannan ba ya sa su a lissafi, mu ma da muke saurarensa ba mu taɓa tuna masa ba. Na biyun, Lizo, ya mutu a zagayen ƙarshe da Jola ya yi kafin gwiwoyinsa su hana shi hawa. Tare da wansa Mawande suka shiga bukka, uwa ɗaya uba ɗaya. Mawande ya fito shi kaɗai, da bargo sabo da kulki a hannu, da tabon sandar Jola bakwai a gadon bayansa.

Da baki ma Jola yakan koyar, kullum da rana tsaka in zafi ya kwantar da yaran.

"Ku buɗe kunnuwanku, 'yan banza. Namiji ba ya shara. Namiji ba ya cin abinci kwano ɗaya da yaro, ba ya tsugunawa inda yaro ya tsuguna. Wanda kuma ya gudu asibiti, mata suka taɓa shi, aka ɗinke shi kamar buhun masara, wannan ba namiji ba ne. Ku duba, tabon ɗinkin ba ya ɓuya. In kun same shi a cikinku, ku yi masa dukan karen da ya ci ƙwai."

Abin da ya shuka a dutse, a makaranta yake ganin ya tsiro duk watan Janairu. Sabbin maza sukan dawo aji da wandon kaki da kwat da hula mai baki, fuska shafe da jar ƙasa, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da tulu. Yaron da jiya kuke raba burodi da shi, yau sai ka ce masa bhuti, wato yaya, in ba haka ba bakinka ya fashe. Su kuwa kowa kwedini ne a wurinsu, kalmar da ake kiran marar kaciya da ita, ko da ya girme su. Kujerun baya nasu ne. Tsintsiya ba sa taɓawa. In malama ta yi tambaya ba sa miƙewa, sai su amsa daga zaune suna kallon taga. Jola kuwa in ya ga sun cire masa hula a bakin ƙofa suna "Jola! Tata!", sai ƙirjinsa ya ƙara faɗi.

Banɗakin samari biyu ne a makarantar, a ƙarshen fili kusa da shinge. Wata shekara sabbin maza suka zo suka same shi, suka ce ba daidai ba ne namiji ya kwance wando a gaban yara. Jola ya ga ai maganarsa ce aka dawo masa da ita. Bai tambayi kowa ba, ya ware musu ɗaya, ya samo katakon itacen turare mai kauri ya yi masa ƙofa, ya kafa sakatar ƙarfe daga ciki, ya sa kwaɗo daga waje ya miƙa musu mukullin. Kwana biyu ya ɓata a kan ƙofar nan. Yakan tsaya ya shafa ta in ya zo wucewa.

Ba a yi wata uku ba banɗakin ya zama kotu. Can ake jan yaron da ya manta bai ce bhuti ba, a tura kansa cikin bokiti. Can ake titsiye baƙon ɗalibin da ya ce shi namiji ne, a tambaye shi dutsen da ya hau da sunan mai jinyarsa, a tube shi a duba. Wani an karya masa yatsu da murfin bokiti, wani an soka masa kamfas na lissafi a cinya. Da Mawande ya zama babba a cikinsu abin ya ƙara muni. Shekararsa ashirin da ɗaya, sau biyu yana faɗuwa ajin ƙarshe, ba ya dariya, kuma in ya fara duka sai an riƙe shi. Jola yana jin ihun daga inda yake yanke ciyawa. Ko kai ba ya ɗagawa.

Malama Gwadiso mai koyar da lissafi ce kaɗai ta taɓa tunkararsa. Ta same shi yana wasa lauje a ranar da Mawande ya jefa mata tsintsiya a fuska a gaban aji.

"Tata Jola, don Allah ka karɓe mukullin nan. Wata rana gawa za a fito da ita daga ɗakin nan."

"Malama, ki koma ki koyar da lissafinki. Abin da ke bayan ƙofar nan ba na mata ba ne."

"Yaran da ake fasa wa kai fa, ba mata suka haife su ba?"

"Ni ma an fasa min, ga ni a tsaye."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "A tsaye kam kana tsaye." Ta juya ta tafi, shi kuma ya ci gaba da wasa laujensa.

To, Jola yana da jika guda, Odwa, ɗan 'yarsa da ke aikin gida a birnin Kapa. Tun yana wata takwas aka kawo shi, Jola da marigayiya matarsa suka raine shi. Siriri ne, mai son littafi, shi ne na ɗaya a ajin Malama Gwadiso, kuma abu ɗaya yake so a duniya: ya zauna jarrabawar ƙarshe ya tafi jami'a. Jola ba ya iya karanta ko sunansa, amma duk takardar sakamakon yaron tana cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonsa. Yana son yaron nan so mai tsanani, irin wanda bai san yadda ake faɗinsa ba sai da tsawa.

Da Odwa ya cika goma sha takwas, a Disambar da ta gabaci ajinsa na ƙarshe, Jola ya ce ba hannun da zai taɓa jikansa sai nasa. Ya ɗaure gwiwoyinsa da tsumma ya hau dutse, ya gina bukka shi kaɗai a wani kwazazzabo nesa da na sauran. A wurinmu Disamba tsakiyar bazara ce, zafin shekarar nan kuwa har tumaki ya kashe. A kwana na uku leɓen yaron ya tsage. A na huɗu raunin ya fara wari, Jola ya ƙara matse igiya kamar yadda ya saba. A na biyar Odwa ya daina gane shi, yana kiran kakarsa da ta shekara shida a ƙasa, yana lasar farar ƙasar 'yan kaciya da ke shafe a hannunsa.

Jola ya san wannan kallon. Sau biyu ya gan shi a baya, sau biyun kuma ya zauna ya jira. Wannan karon bai zauna ba. Da rana tsaka ya rufe yaron da bargo, ya goya shi, ya gangara ta bayan dutse inda ba mai ganinsu, yana faɗuwa yana tashi, har bakin kwalta. Wani baƙon direba mai ɗaukar kabeji ya kai su asibiti a Mthatha. Aka ɗaura wa yaron ƙarin ruwa, aka yanke abin da ya ruɓe, aka ɗinke. Likitar ta ce da an ƙara yini ɗaya da sai dai a haƙa rami. Jola ya tsaya a baranda da hularsa a hannu, kunya da godiya suna cinsa lokaci guda.

Bayan kwana tara ya mayar da shi kwazazzabon ta hanyar da suka bi, ya sake shafe shi da farar ƙasa. Suka cika wata, aka ƙone bukka, aka yanka tunkiya, mata suka yi guɗa, dattawa suka ba Odwa bargo da kulki suka ce masa namiji. Ba wanda ya sani sai su biyu, da tabon da ke jikin yaron.

A ranar farko ta makaranta suka gane tarkon da ke jiransu. Odwa namiji ne yanzu, in ya shiga banɗakin yara ya tona wa kansa asiri. In ya shiga na maza, ido shida ko takwas na can kullum, sun kuma san abin da za su duba, don kakansa ne ya koya musu. Sai yaron ya samo dabara: ya daina shan ruwa. Daga wayewar gari har a tashi ba ya sa ko ɗigo a bakinsa, ko shayin safe ya bari, don kada fitsari ya kama shi. Ga zafin Janairu, ga kwat, ga hula. Jola yana kallonsa yana wuce famfo da kai a sunkuye.

"Kai, sha ko kurɓi ɗaya ne. Leɓenka ya sake tsagewa."

"Na saba, Tata. Kwana bakwai ma ka ce ana yi."

"Wata goma fa ya rage kafin jarrabawar."

"To wata goma ne. In na ci na tafi, ba wanda zai ƙara duba ni."

Jola ya yi tunanin ya karɓe mukullin, ya cire ƙofar ma gaba ɗaya. Amma me zai ce? Shi da ya kori Malama Gwadiso a kan maganar, in ya taɓa ƙofar nan a watan da jikansa ya sauko, har yaran aji ɗaya za su gane. Tsoro ya hana shi. Ya bar ta, yana fata kowace rana ta wuce lafiya, kuma kwana goma sha tara suka wuce.

Rana ta ashirin Laraba ce. An fito hutun ƙarfe goma da rabi, mata masu fanke sun jera a bakin shinge, Jola yana can ƙarshen fili yana haƙa ramin turke da dagi. Bai ga lokacin da Mawande ya dafa kafaɗar Odwa ba. Waɗanda suka gani sun ce a hankali ya yi maganar.

"Namiji, mako uku ba mu gan ka a ɗakinmu ba. Ko kai ba ka fitsari ne, mala'ika?"

"Ba na jin yi ne, bhuti."

"Zo ka ji a ciki."

Ihu ya tashi daga banɗakin kamar kullum, dagin Jola ya sauka a rami sau biyu kafin kunnensa ya gaya masa muryar wa ce. Ya ruga da gwiwoyin da ba sa gudu. Ya tura ƙofar, sakata a ciki. Ya buga da kafaɗa, ko motsi ba ta yi ba. Ya ɗaga dagin ya maka, katakon ya mayar masa da ƙarfen har kafaɗarsa ta amsa. Yana jin saukar kulki a jikin mutum, yana jin Odwa yana kiran "Tata! Tata!", shi kuma yana waje yana dukan aikin hannunsa yana zaginsa. Sai a bugu na goma sha ɗaya sakatar ta fita da ƙusoshinta. Lokacin ihun ya riga ya tsaya.

Su shida ne a ciki, ban da Odwa. Odwa na kwance a kan siminti, an tube shi, kansa a jikin bokiti, jini na fita ta kunnensa. Biyar suka ja baya da suka ga tsohon. Mawande bai motsa ba, kulkinsa na hannu, wanda dattawa suka ba shi ranar da ya sauko.

"Jola. Tata. Ka zo daidai. An yi maka ha'inci a gidanka, wannan ɗinkakke ne. Ka san da haka?"

Da Jola ya ce bai sani ba, da sunansa ya tsira. Ya dubi yaron a ƙasa.

"Ni na kai shi. A bayana na goya shi."

Mawande ya ɗan karkata kai kamar bai ji da kyau ba.

"Ka goya shi?"

"Na goya shi. Mutuwa zai yi."

"Lizo fa?" Muryarsa ta fashe kamar ta ƙaramin yaro. "Lizo fa, tsohon banza? Kwana biyu yana kiran ruwa a gefena. Na kama ƙafarka na roƙe ka, ka zane ni, ka ce namiji ba ya roƙo. Ranar ba ka da baya ne? Wane ne namiji, wane ne kare, ai kai ne ka faɗa mana! Ashe bayanka na jikanka ne kaɗai!"

Dagin na hannun Jola, amma bai ɗaga ba. Kulkin farko ya same shi a ƙashin wuya, ya ji ƙarar karyewarsa. Na biyu ya fasa masa goshi ya kai shi ƙasa. Daga nan ƙasa, jini na rufe masa ido ɗaya, ya ga Mawande ya juya ya koma kan Odwa, ya ɗaga kulkin da hannu biyu ya sauke a muƙamuƙin yaron. Jola ya ja ciki ya kwanta a kan jikansa, sauran dukan ya sauka a bayansa.

Mata ne suka raba. Malama Gwadiso ta kutsa ɗakin da aka ce ba na mata ba ne, masu fanke uku na bayanta, ɗaya riƙe da kaskon mai mai tafasa tana rantsuwa za ta juye wa duk wanda ya ƙara ɗaga hannu. Biyar ɗin suka tsallake shinge. Mawande ya jefar da kulkin, ya fita ya zauna a bakin karyayyar ƙofar yana kuka, a nan 'yan sanda suka same shi.

Asibitin dai shi ne, barandar ma ita ce. An ɗaure wa Jola hannu a ƙirji, an ɗinke masa goshi ɗinki takwas. Labari ya riga shi isa ƙauye: dattawan da ke cire masa hula sun ce kada ya ƙara zama a inda maza ke zama, wani yaro ma ya rubuta kwedini da gawayi a ƙofar gidansa. Bai damu ba. Abin da ya dame shi maganar likita ce, cewa ƙashin kan Odwa ya tsage, kunne ɗaya ya tafi, maganar jarrabawa a bana babu ita, ta baɗi kuma sai abin da aka gani.

Kwana huɗu yaron bai farka ba. A na biyar, lokacin ziyarar la'asar, ya buɗe ido. An ɗaure muƙamuƙinsa da waya, leɓensa a tsage. Ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa Jola kofi da ɗan bututun roba ta ce ya ba shi kaɗan-kaɗan. Jola ya matso da hannunsa mai yatsu uku, ya kai bututun bakin jikansa.

Odwa ya dubi kofin, ya dubi kakansa, ya kawar da kai a tsorace. Idonsa na yawo a rufin ɗakin kamar mai neman ciyawar bukka. Ta tsakanin haƙoran da aka ɗaure ya yi magana, sai da Jola ya sunkuya ya ji.

"Tata, kwana bakwan ya cika? Kada ka dake ni. Ban roƙa ba."

"Sha, ɗana. Ya cika."

"Wallahi ban roƙa ba."

Jola ya tsaya riƙe da kofin har aka buga ƙararrawar tashin baƙi, yaron bai sha ba.